Abin da Kwara Ta Ajiye

Ba don jirgin fito ya makara ba, da Barira ba ta taɓa sanin akwai wani mahaluƙi mai suna Arzika a duniyar nan ba.

A shekarar da ake ta cewa Turawa za su tattara nasu ya nasu su tafi, ƙarshen bazara, motar Ɗanmusa direba ta taso daga Bagudo za ta kasuwar Lolo, cike da buhunan albasa, mutane a kan buhunan. Barira na ciki ita da Gwaggo Lami, ƙanwar babanta, za su suna. Da hantsi suka iso bakin Kwara. Jirgin da ke ƙetarar da mota yana can ɗaya gaɓar, matuƙansa sun shige inuwa, kuma duk wanda ya san su ya san ba ihu ke taso su ba.

Gefen hanya akwai wata doguwar bukka mai bangon laka, an kafa allo a ƙofarta. Barira ta yi aji huɗu a elemantare, don haka ita ta karanta wa Gwaggo:

GIDAN MAMAKI
Shiga goro ɗaya.
Wanda bai yi mamaki ba a mai da masa goronsa.

"Wagga kuma sabuwar hanyar cin goron mutane ta," in ji Gwaggo. Amma ita ta fara kwance bakin zane.

Wanda ya tarbe su wani dogon saurayi ne, baƙi, mai wushirya, riƙe da 'yar tsumagiya da yake nuni da ita. Ya karɓi goro biyu, ya gyara murya kamar mai shela.

"Wanga kan dorina na. Sunanta Delu. Gonar shinkahwa bakwai tac ci kahin ta gamu da Babana, yanzu ta tuba."

Ya nuna musu malafar wani kumandan Faransa da kaza ke ƙwai a ciki. Ya nuna keke marar ƙafa, da ƙwaryar da ta girma a cikin kwalba. Ya nuna garmaho da ba shi da faifai, ya murɗa hannunsa, ya kau da kai ya rera waƙar da bakinsa. Daga ƙarshe ya je gaban wata tasa da aka rufe, ya ce kowa ya yi bisimilla, sannan ya buɗe. Haƙora ne jere reras, sama da ƙasa, ba baki ba mai baki.

"Na wani Bature na. Tsakiyar ruwa yay yi atishawa. Bayan kwana tara Kwara tam mai do muna su, shi ko ya riga ya kai Ikko shina shan kunu."

Gwaggo ta yi dariya har ta dafa bango. Barira kuwa ta cije leɓe, ta miƙa hannu.

"Ni ban yi mamaki ba. A ba ni gorona."

Saurayin ya dube ta. Ba kallon mai gida da baƙo ba ne, ita ma ta san haka, don sai da ta ji kunnuwanta sun yi zafi. Ya sa hannu a aljihu ya ɗora mata goro biyu a tafi.

"Guda nib ba ka."

"Gudan nawa na. Ƙa'idar gida, wanda yay yi mamaki shi ka biya. Yau ni niy yi."

A can ƙuryar bukkar akwai wata ƙofa da aka saki asabari a kanta. Wani tsoho na zaune a bakinta yana gyaran taru. Shi ne Baba Maidawa, mahaifin saurayin. Da suka zo fita ya ɗago kai ya ce a hankali, "Ɗiyata, akwai wanda kuke biɗa?"

Barira ta ɗauka irin masu duba ne, su kuwa an sha su a gidansu har an ƙoshi. "Babu, Baba," ta ce, ta ja hannun Gwaggo suka fita.

Ƙarya ta yi, kuma ta san ƙarya ta yi. Shekara tara ke nan da babanta Ɗanaudu ya ɗauki kanwa ya nufi Kandi ta ƙasar Dahome, bai dawo ba. Wasu suka ce ya mutu, wasu suka ce ya yi aure a can ya manta da gida, wannan ta biyun kuwa ita ta fi yawo a bakin mata. Mahaifiyarta, Inna Kubura, ta hana a ce ya ɓata a cikin gidanta. Tafiya ya yi. Ranar da zai tafi ya dafa kan Barira ya ce da hannunsa zai ba da ɗiyarsa aure, Inna kuma ta riƙe wannan magana ta ƙi saki. Manema uku suka zo suka gaji suka tafi. Barira na da shekara goma sha tara, sa'o'inta na goyon na biyu.

Sati na zagayowa Ɗanmusa ya tsaya ƙofar gidansu, ya ce an ba shi saƙon busasshen kifi. A ƙarƙashin kifin akwai takarda, tana ƙarni.

"Zuwa ga Barira 'Yar Bagudo, mai goro biyu. Bayan gaisuwa mai yawa. Tun ranar da kika wuce Delu ba ta yi mini magana ba, wai na bar baƙuwar kirki ta tafi ban tambayi gidansu ba. Na tambayi Ɗanmusa. In laifi ne ki gafarta. Ni ne Arzika ɗan Maidawa, bakin fito."

Sau nawa ta karanta, wannan tsakaninta da Allah. Amsar da ta bayar dai ga ta:

"Zuwa ga Sarkin Mamaki. Na ga takardarka. Ka gai da Delu, ka ce mata da girmanta bai kamata ana yi mata ƙarya ba. Goro ɗaya na ba Inna, ɗaya yana nan cikin ɗanyen ganye. Kada ka zo gidanmu, akwai magana. Barira."

Wanda aka ce wa kada ya zo, ai an kwatanta masa hanya ne. Takarda ta yi ta kai da kawowa har shuka ta rufe ƙasa, ran nan sai ga Arzika a Bagudo cikin wankakkiyar riga. Ya fara gaida Baffa Gidaɗo, wan babanta, ya samu izini, aka shimfiɗa masa tabarma a zaure da la'asar.

"Na ce kada ka zo," ta ce, kanta a sunkuye.

"Kin ce akwai magana, 'Yar Bagudo. Ita niz zo ji."

Ta gaya masa komai. Tana faɗa tana jiran ta ga ya fara laluben takalmansa, kamar yadda na baya suka yi. Bai motsa ba.

"In jira na, na iya," ya ce. "Mu 'yan bakin fito jira munka gada. Ke dai ki hwaɗa min guda: in na jira, ni kika jira ko wani?"

Ta daɗe tana wasa da bakin mayafi. "Wa nike da shi in ba Sarkin Mamaki ba?"

Akwai dai wani, ko da yake ba a zuciyarta yake ba. Bunyaminu sunansa, mai fataucin atamfa tsakanin Lolo da Dahome. Shi ya gane ta ina ake shiga gidan. Duk dawowarsa sai ya zo gaida Inna da ɗan labari: an ga mai kama da Ɗanaudu a kasuwar Kandi, wani ya ji wani ya ce yana gaba. Inna ta zuba masa fura da hannunta, ta kwana uku fuskarta a sake. Ba ta ce ta ba shi Barira ba, amma takan ce yaron kirki ne, shi kaɗai ya damu da neman ubanta.

Ranar zuwan Arzika na uku Inna ta sa aka kira shi. Ya durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta, Barira na gindin murhu tana ji.

"Yaro, na ji abin da ka kawo ka. Ban ƙi ka ba. Amma ɗiyar nan da ubanta, shi ka ba da ta, sai ya dawo."

"Allah shi dawo da shi lahiya, Inna."

"Amin. Tun da bakin ruwa kake, ka sa min ido. Dogo na, shina ɗingishi da ƙahwar hagu. Ba ka ɓata shi. Takalminai na hagu hwata uku aka ɗora mai, ya hi na dama kauri. In ka gan shi ka ce Kubura na nan inda yab bar ta."

Barira ta ɗago kai daga gindin murhu. Ta dubi Arzika. Ta gan shi dafe da ƙasa da hannu biyu, kamar wanda jiri ya kwasa. Ya yi sallama da wata irin murya, ya fita bai ko tsaya a zaure ba.

Daga ranar takarda ta yanke.

Kasuwa ɗaya, biyu, har shida. Ɗanmusa kan tsaya ya ce, "Na ba shi hannu da hannu. Ya karanta ya sa aljihu, bai ce ƙala ba." Barira ta rame. Abinci ya daina yi mata daɗi, ta ga wanda ta ɗauka daban ashe shi ma manemi na huɗu ne da ya gaji ya tafi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne har yanzu tana son sa. Ta rubuta ta ƙarshe:

"Arzika. Ka ce ka iya jira, ban roƙe ka ba, kai ka faɗa. In ka fasa ka gaya mini da bakinka, ba na son in ji a bakin mutane. Mun saba da mai tafiya ba sallama a gidanmu, amma ban zaci kai ma haka za ka yi mini ba. Barira."

Ita ma ba amsa. Don haka da Gwaggo Lami ta tashi zuwa kasuwar Lolo sayen kifi, Barira ta ce za ta raka ta. A bakin fito Gwaggo ta zauna a inuwa, ta ce ita ta riga ta ga haƙoran, goronta ba na wasa ba ne. Barira ta shiga ita kaɗai.

Arzika ya rame fiye da ita. Tsumagiyar ta faɗi daga hannunsa.

"Amsa niz zo karɓa," ta ce.

"Na rubuta ta hi sau goma, Barira. Dut na yaga."

"Wata kas samu?"

"Da wata ta, da sauƙi."

Ya dubi tsohon da ke bakin asabari. Baba Maidawa ya ajiye tarunsa, ya matsa gefe.

Ɗakin baya ƙarami ne, ba abin dariya ko ɗaya a cikinsa. An kafa sanduna a bango, an rataye kaya: zoben azurfa, tasbaha, hular saƙi da ta koɗe, munduwar jariri, kube ba wuƙa. Kowane da igiya a jikinsa mai ƙulli-ƙulli.

"Duk wanda ruwa yak kawo muna, in ba a san shi ba, Baba ka mai sutura," in ji Arzika. "Shi aje abu guda nai, ko Allah shi kawo wanda zai gane. Kowace damina shi ƙara ƙulli. Ba mai tsayawa don ganin kayan matattu, Barira. Amma don haƙoran Bature kowa na tsayawa. Dalilin gidanga ke nan."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Idonta ya riga ya kai kan takalman fata guda biyu da aka ɗaure tare, sun bushe sun ƙandare. Na hagu ya fi na dama kauri. Tana ƙarama takan zura ƙafafunta a ciki ta yi ta ɗingishi a tsakar gida, Babanta na dariya, Inna na cewa za ta ci gidansu. Ta kama igiyar ta bi da yatsa. Ƙulli tara.

Ta zauna a ƙasa ta toshe baki da mayafi don kada Gwaggo ta ji, ta yi kukan da aka hana ta shekara tara.

Arzika ya tsuguna nesa kaɗan, shi ma hawaye yake. "Tun da Inna tab buɗe baki nig gane. In na hwaɗi, a ce na kashe miki uba don in aure ki. In na yi shiru, da wace huska zan rubuto miki maganar so? Baba ya ce haƙƙinku na ku sani. Na roƙe shi ya ba ni lokaci, lokacin kuma bai ba ni dabara ba."

"Ba ni iyawa," ta ce da ta samu murya. "Arzika, jiran nan shi ka tashe ta da sahe. In na ɗauke mata shi, mi zan ba ta?"

"Ban ce ki hwaɗi ba, 'Yar Bagudo."

"To mu hwa?"

Amsar a fili take. In ba a faɗa ba, ba aure. Ta share fuska, ta mai da takalman inda suke da hannunta, ta fita. Ta ce wa Gwaggo hayaƙin masu bandar kifi ne ya shiga idonta.

Mako biyu ta yi da dutsen nan a ƙirji. Ta dubi Inna tana tankaɗe, ta buɗe baki, ta rufe.

Ranar da aka karɓi mulkin kai garin Bagudo ya cika da kiɗa, 'yan makaranta na yawo da 'yan tutoci kore da fari. A ranar Bunyaminu ya iso, bai ko sauke kaya ba ya zarce wurin Inna. Wannan karon ba ji ya yi ba, wai gani ya yi. Wani dogon mutum mai ɗingishi, kwance ba lafiya a zangon Hausawa na Paraku, can cikin Dahome, an ce daga wajen Bagudo yake. Ko ya ga wani ko bai gani ba, Allah ya bar wa kansa sani. Inna dai kafin magariba ta sa an kai awakinta biyu wurin mahauta, ta ɗaure ƙunshin tafiya. Baffa Gidaɗo ya yi magana har ya gaji. Aka shirya Bunyaminu zai riga su zuwa Lolo ya jira, ya ƙetara da su iyaka.

Barira ta hau mota tare da ita. Duk tsawon hanya Inna na lissafin abin da za ta dafa wa mijinta, tana cewa ai ciwon ƙafar ne ya tashi, dama damina ba ta yi masa daɗi. Shekara da shekaru Barira ba ta ji ta yi surutu haka ba.

Suka tarar da Kwara ta cika ta batse, ja wur, tana tafe da itatuwa. An ɗaure jirgin mota, sai kwale-kwale ke ƙetarar da masu gaggawa. Inna ba ta yi wata-wata ba ta ɗora ƙunshi a ka ta gangara, ta tattare bakin zane za ta sa ƙafa.

Barira ta dubi ruwan, ta dubi ƙafar uwarta. Daga nan sai Lolo, sai iyaka, sai kwana da kwanaki cikin ƙasar da ba su jin bakinta, wurin wani baƙo da ba babanta ba ne. In sun dawo kuma Bunyaminu ya kawo labarin wani garin. Ta riƙo hannunta.

"Inna, jirgin bai cika ba. Zo in gwada miki wani abu."

"Ke Barira, ina hanyar ubanki kina min wasa?"

"Don Allah, Inna. Ban taɓa roƙonki komi ba."

Gaskiya ne, ba ta taɓa ba. Inna ta dube ta, ta biyo ta.

Da Arzika ya gan su ya gane. Ya gaida Inna har ƙasa. Inna ta ce, "A'a, ashe nan ka ke? To gwada muna da sauri." Ba yadda ya iya, ya ɗauki tsumagiya. Ya gabatar da Delu, ya wuce malafar, ya tsallake garmaho don ba zai iya waƙa ba. Da ya buɗe tasar haƙora ya ba da labarin atishawa, Inna Kubura ta tuntsire da dariya, irin ta cikin ciki, har tana riƙe haƙarƙari. Barira ta juya baya. Da ta san za ta ji wannan dariyar, da wataƙila ba ta kawo ta ba.

Suka iso bakin asabari. Baba Maidawa ya ɗago kai.

"Baiwar Allah, akwai wanda kuke biɗa?"

"Awo, Malam. Mijina. Amma an gano shi, shina Paraku."

"Inna," in ji Barira. Ta durƙusa ta kama ƙafafunta. "Inna, ba shi Paraku."

Ta miƙa hannu ta ɗage asabarin.

Ba wanda ya nuna mata. Inna ta shiga, ta bi bangon da ido, ta tsaya. Ta sauke ƙunshin daga kanta a hankali ta ajiye. Ta ciro takalman, ta juya na hagun, ta shafa fatun nan uku da babban yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ta yi ihu ba, ba ta faɗi ba. Ta zauna ta ɗora su a cinya.

Tsohon ya ba ta labari ba ƙari ba ragi. Irin wannan lokaci ne, ruwa ya cika, iska ta kife wani kwale-kwale can sama da su. Washegari suka same shi a kan yashi, takalmansa rataye a wuya kamar yadda matafiya ke yi in za su shiga jirgi. Shi ya yi masa wanka, ya sa shi a likkafanin da ya tanada don kansa. Su biyar suka yi masa salla, uku na nan da rai. Yana kwance gindin kanyar da ke bayan bukka.

Inna ta saurara har ƙarshe. Sannan ta yi tambaya ɗaya, da ƙyar ake jin ta.

"Malam, jirgin nan. Tahiya shikai ko dawowa?"

"Dawowa, baiwar Allah. Daga ƙetare yat taso. Wagga gaɓa yan nuho."

A nan ne ta fashe da kuka. "Gida za shi," take faɗa, tana rungume da takalman. "Kun ji ko? Gida za shi. Sun ce ya bar ni. Barira, gida za shi!" Barira ta rungume ta suka yi ta yi, mazan biyu suka fita suka ba su wuri.

Da la'asar Inna ta fito ta tsaya daga nesa ta dubi gindin kanyar, ta daɗe tana motsa baki. Da ta juyo ta kira Arzika.

"Tun ranar da kaz zo ɗakina ka sani?"

"Awo, Inna."

"Kab bar ɗiyata, ba ka hwaɗi ba?"

"Na ji tsoron a ce don aure nih hwaɗi."

Ta dube shi, ta wuce. Ta je ta durƙusa gaban Baba Maidawa ta yi masa godiyar da ba ta ƙarasa ba saboda kuka. Suka juya Bagudo a motar da ta kawo su. Bunyaminu ya yi kwana biyu yana jira a Lolo, da labari ya kai masa sai fataucinsa ya koma ta hanyar Kamba.

Aka yi zaman makoki kamar jiya aka yi rasuwar. Da Inna ta nemi a shirya mata takaba, Liman ya aiko cewa babu takaba a kanta, don daga ranar mutuwa ake ƙirgawa, tata ta wuce tun shekara tara.

"A gaya wa Malam na ji," ta ce. "Shari'a ta ɗauke min, ni ban ɗauke ma kaina ba. Na ci ado ina jiran shi, shina kwance cikin ƙasa. Sai na zauna mai."

Ta cire 'yan kunne, ta shiga ɗaki wata huɗu da kwana goma. Ba wanda ya yi maganar aure, Barira kuma ba ta san matsayinta ba, don Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Takarda ɗaya tak ta zo a tsakanin:

"'Yar Bagudo tawa. Ina nan. Ki kula da Inna, kada ki damu da amsa. Na kewaye gindin kanya da ƙaya saboda awaki. Arzika."

Ranar da Inna ta fita, ta yi wanka, ta aika a kira Baffa Gidaɗo. Ta ce masa, "Ɗan'uwanka ya bar maka ɗiya. Mutanen da sunka suturta shi ba su san shi ba, in sun biɗe ta ka ba su."

Aka ɗaura aure gab da azumi, a ƙofar gidan Baffa. Masunta suka zo da kifi kwando-kwando. Baba Maidawa ya sa babbar riga, duk ta dame shi, sai gyara ta yake. Arzika kuwa, mai bakin da ke sa kasuwa guda dariya, da aka shafa fatiha abokansa suka yi ta tsokanarsa ya kasa haɗa kalma biyu.

Da yamma motar Ɗanmusa ta tsaya a ƙofar gida, an wanke ta, yau ba albasa. Gwaggo Lami ta riƙo amarya ta kai ta ɗakin uwarta don sallama. Al'ada ce ɗiya ta durƙusa ta nemi gafara. Barira ta durƙusa, kuka ya ci ƙarfinta, kafin ta buɗe baki Inna ta riga ta.

"Tsaya, ni ka hwarawa. Na tsare ki kan abin da ba laihinki ba. Na hana ki kukan ubanki, na hana ki ɗakinki. Kin ga ciwona, ni ban ga naki ba. Ki gahwarta min, Barira."

"Inna, ki bari. Don Allah ki bari."

"Ba ni bari sai kin ce."

Matan da ke bakin ƙofa suka dubi juna. Ba wadda ta taɓa ganin haka.

"Na yahe, Inna. Ke ma ki yahe min."

"Ba ki min komi ba sai alheri." Ta ɗora hannu biyu a kanta. "Allah shi yi miki albarka. Allah shi ba ku zaman lahiya da zuri'a ta gari. Duk wanda yah hita gidanku da sahe, Allah shi dawo miki da shi. Tashi, mijinki ya jira ya isa."

Ana kiran magariba suka iso bakin Kwara. Da 'yan rakiya suka watse, Arzika ya shigo da sallama ya zauna bakin tabarma. Ya ɗan ɗaga mayafin, ya ga idanun sun kumbura.

"Har yanzu kuka, 'Yar Bagudo?"

"Bar ni in ƙare shi yau," ta ce. Ta lalubo hannunsa ta riƙe. "Ka dai zauna nan."

Ya gyara zama, ya bar mata hannun.